Matakai uku cikin `with` guda na Python: wa ya taɓa fama da shi?

Ɗan Mokoyo: Salamu alaikum ƴan'uwa. Manhajar da na rubuta wa wani kantin magani mataki uku take bi kafin rasit ya fito: ta kama ma'ajiyar bayanai ta sqlite, ta buɗe fayil ɗin lissafin rana, sannan ta nemi firinta. Duka ukun suna cikin `__enter__` guda, wato sashen da `with` ke kira wajen buɗewa. Ranar da firinta ta ƙi amsawa, sai fayil ya zauna a buɗe, ma'ajiya a kulle, mai kanti na ta kirana. Ya kuke yi da irin wannan?

Ƴar Zariya: Wa alaikumus salam ƙanena. Muddin `__enter__` bai kai ƙarshe ba, Python ba ta kiran `__exit__`, sashen da ke rufewa, haka tsarin yake tun da `with` ya shigo a Python 2.5, shekarar 2006. Ni ma na sha wannan a manhajar awon hatsi. `ExitStack` na kundin `contextlib` da ke zuwa da Python ne ya raba ni da shi, yana nan tun 3.3. Kowane mataki ka shigar da shi ta `enter_context`. In na uku ya faɗi, sai ya rufe na biyu, sannan na farko, kamar sauke buhunan gyaɗa daga mota, na ƙarshen lodi shi ke fara sauka. In duk sun buɗu lafiya, ka kira `pop_all()` ka ajiye abin da ya dawo, ka rufe shi a `__exit__`.

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari: Yaron shagona ya so ya raba matakai da `yield` biyu ƙarƙashin `@contextmanager`. Kuskuren `RuntimeError` ya samu, don `yield` sau ɗaya tak ake yarda da shi. Muka mayar da kowane mataki aikin kansa, `with` cikin `with`. Rubutun ya yi ta zurmawa dama, amma yana aiki.

Ɗan Bagalam: Hajiya ta Zariya ta yi gaskiya, sai dai a kula: `with` a kan haɗin sqlite3 tabbatar da abin da aka rubuta a ma'ajiya ko janye shi kawai yake yi, ba ya rufe haɗin. Sai an naɗe shi da `closing` na `contextlib`. Kuma mu nan da kuran ke ɗaukewa tsakar rana a watan zafi, ba `__exit__` ɗin da zai tashi in kwamfuta ta mutu. Ni fayil na wucin gadi nake rubutawa, in ya kammala in maye gurbin ainihin fayil ɗin da shi ta `os.replace`.

Ɗan Mokoyo: Na gode Yaya, `ExitStack` ya zauna. Na cire wayar firinta da gangan, komai ya rufu. Jera matakan cikin baka `( )` bayan `with` kuwa, irin na Python 3.10, kwamfutar kantin ta ƙi shi, 3.8 ke kanta.