Superman lamba 75 a baƙar leda: in saya, ko in bar masa kayansa?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum. Shawara nake nema kafin Juma'a. Wani mai tsofaffin littattafai a Sabon Gari ya zaƙulo min mujallar labarin zane ta Superman lamba 75 daga ƙasan kwali, wadda Superman ɗin ya mutu a cikinta. Tana cikin baƙar ledar nan mai tambarin S yana ɗigar da jini, ba a taɓa farke ta ba, kusurwa ɗaya ce kawai ta lanƙwashe. Ya yi mata kuɗi dubu 45, na taya 25, ya ce albarka. Ni ba ciniki zan yi da ita ba, so nake in karanta in rubuta sharhi. Kuɗin ya yi? In na saya kuma, in farke ledar ko in bar ta?

Abu Hanifa: Kada ka kuskura ka farke! Irin waɗannan ne ke mayar da mutum attajiri. A 2024 an sayar da Action Comics lamba 1, mujallar da Superman ya fara fitowa a cikinta, dala miliyan 6.

Gizo Sarkin Dabara: Malam Abu, waccan ta 1938 ce, 'yan ƙalilan suka rage a duniya, don a lokacin yara karantawa suke yi su yar. Wannan miliyoyi aka buga, kuma kowa ya ɓoye tasa. Abin da kowa ya ɓoye wa zai nema?

Baba Injiniya: Yaro, zauna ka ji. A Nuwamba 1992 ina karatu a Amurka lokacin da ta fito. Labaran dare ma sai da suka ɗauki maganar. Na bi layi tun asuba cikin sanyin da ke tsinka kunne, bayana wata tsohuwa ce da ko sunan budurwar Superman ba ta sani ba, ta zo saya wa jikoki jari. Dala 2 da rabi kowace. Masu shaguna suna ƙayyade adadin da mutum zai ɗauka, sai da na zaga shago huɗu na haɗa shida, da kuɗin da na ware na rigar sanyi. Shekara ba ta zagayo ba suka dawo da Superman da rai. Duk da haka ban karaya ba, na dawo da su Kaduna a akwatin katako, na ce wa uwargida kuɗin makarantar yara ne, kada wanda ya taɓa. Ranar da muka tashi sauya gida na ɗaga murfin, sai jar ƙasa ta zubo. Gara ta huda leda huɗu ta yi gini a ciki. Biyun da suka tsira ɗana ya kai wani shago a Ingila, mai shagon ya jawo kwali guda cike da irinsu ya nuna masa. Abin da ya taya bai biya kuɗin jirgin ƙasan da yaron ya hau ba. Har yau in muka yi saɓani da uwargida sai ta ce, "Ina kuɗin makarantar?"

Gizo Sarkin Dabara: Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma dai gara ta riga ka karantawa.

Baba Injiniya: Ka yi dariyarka. Wallahi har yau ban ga cikinta ba.

Sadauki: Dubu 45 zalunci ne. Ni dubu 6 na sayi tawa a Kaduna.

Na Birmingham: Taka mai leda ce? Akwai ta talakawa mai bangon mayafinsa a yage yana kaɗawa kamar tuta, dala 1.25 aka sayar da ita, kuma an sake buga ta fiye da sau ɗaya. In ka ga lambar Rumawa a bangon, ba bugun farko ba ne. Mai leda a nan wajen fam 15 nake ganinta, amma kuɗin aikowa zai ninka kuɗin kayan. In ka lissafa haka, 45 ba hauka ba ne.

Sadauki: To tawa akwai II a jiki. Shi ke nan, an yi da ni.

Abu Hanifa: Ni na ga wadda aka sa wa ɗaruruwan daloli a eBay.

Na Birmingham: Sa kuɗi daban, saye daban. Ko akuyata zan iya yi wa kuɗi miliyan.

Maman Ilham: Duk kun bar tambayar bawan Allah. Sharhi ya ce zai rubuta. Ni na karanta, kuma gaskiya labarin bai kai hayaniyar ba. Dan Jurgens ne ya rubuta ya kuma zana, Brett Breeding ya bi da tawada. Kowane shafi hoto ɗaya ne tak, kafin shayinka ya huce ka gama. Daga farko har ƙarshe dambe ne da Doomsday a tsakiyar birnin Metropolis, dodon da ba a gaya maka daga ina yake ko me aka yi masa ba. Abin da ya burge ni dabarar shafukan ce, ita ma ba za ka gane ta da wannan kaɗai ba: fitowa uku da suka gabace ta an yi ta rage hotunan shafi, huɗu, uku, biyu, sannan ɗaya, kamar ana matse maka numfashi. Inda ya taɓa ni kuwa ba wurin naushin ba ne, wurin tsofaffin da suka rene shi ne, suna rungume da juna suna kallo a talabijin, su kaɗai suka san ɗansu ne ake kashewa. Sai shafin ƙarshe da ake warewa, budurwarsa Lois tana riƙe da shi. Ka farke, ƙanina. A ledar akwai baƙin ƙyallen makoki na ɗaurawa a hannu, da fosta, da sanarwar rasuwa ta jaridar Daily Planet. Su ne ma daɗin abin.

Abu Hanifa: Hajiya, da girmanki, a waya kika karanta ko kin taɓa riƙe ta? Wanda bai sa kuɗinsa ba bai kamata ya ce a farke ba.

Maman Ilham: A kundin da aka haɗa labarin gaba ɗaya na karanta. Baba ya sa kuɗinsa har sau shida, ka tambaye shi launin wandon Doomsday.

Baba Injiniya: A bar ni da abin da ya dame ni.

Gizo Sarkin Dabara: Ni Lois nake tausayi. Ta gama takaba, ga mutum huɗu kowa na cewa shi ne magajin marigayi, sai ga marigayin da kansa da gashi har kafaɗa.

Maman Ilham: Wace takaba? Baiko kawai aka yi. Auren ma shi ya jawo mutuwar: marubutan sun shirya biki, aka ce su dakata saboda shirin talabijin da ke tafe, suka rasa abin da za su cike shekara da shi. Sai 1996 aka ɗaura.

Sadauki: Ni ba gara ce ta cuce ni ba, masu aro ne. Kundin da Hajiya ke magana a kai ina da shi, wani abokin aiki ya ce kwana biyu. Bana shekara huɗu. Da na tuna masa sai ya ce, "Kai da girmanka kana bin bashin littafin yara?"

Na Birmingham: Kai ka san wanda za ka bi. Ni ina makarantar kwana aka share ɗakina, na dawo hutu na sayi ƙosai a bakin layinmu, sai ga fuskar Batman sharkaf da mai.

Abu Hanifa: Shi ya sa na sa wa durowata kwaɗo. Ko ƙanina ba ya taɓawa.

Ɗan Gwammaja: Jama'a, mai littafin ya kira yanzu, wai wani ya taya 35. Mutum ɗaya ya ce min saya ko bari, don Allah.

Sadauki: Ƙarya yake, babu wani mai tayi. Amma in ka saya ka farke, ka ara min kwana biyu.