Kaya suna ɓacewa a shago: ta ina ake farawa?

Ɗan Kasuwar Rimi:
Assalamu alaikum. Shagon kayan masarufi ne mai yara biyu, duk ƙarshen wata lissafi ba ya cika. Yaya ake gane ko masu saye ne ke ɗauka ko na ciki? In kuma an kama mutum da kaya a hannu, me ya kamata a yi?

Alhaji Mai Kanti:
Wa alaikumus salam. Kada ka zargi kowa sai ka yi ƙidaya. Ka ware kaya goma ƙanana masu tsada, irin su madarar gwangwani, turare, batir da man shafawa, ka riƙa ƙirga su safe da dare har mako biyu, kana gwadawa da littafin ciniki. In giɓin ya fi fitowa lokacin cunkoso, kamar bayan La'asar ko jajiberin salla, daga waje ne. In kullum kaɗan-kaɗan ne, ko a sito ake rasa kayan, ka duba cikin gida. Sau da yawa ma ba sata ba ce: bashi ne aka bayar ba a rubuta ba, ko katan ya zo bai cika ba kuma ba a ƙirga gaban mai kawowa ba.

Ɓarayin shago sukan zo su biyu. Ɗaya ya sa yaro hawa ya sauko da kayan can sama, ko ya rikita shi da neman canji, ɗayan ya zura a aljihu. Don haka ƙananan kaya masu tsada su koma bayan kanta, ƙofa ta zama ɗaya, yaro ɗaya kuma ba ya barin wurin kuɗi. Wanda ya ce ya yi taransifa, kada a sallame shi da hoton waya sai kuɗin sun bayyana a asusunka.

Injiniya Kamara:
Alhaji ya gama magana. In za ka sa kamara, ɗaya ta kalli ƙofa daidai tsayin fuska. Wadda aka maƙala a rufi hula kawai take ɗauka. Ka haɗa ta da batir saboda ɗauke wuta. Na'urar da ke ajiye hotunan tana goge tsohon hoto in ta cika, sai a kwafe abin da ake buƙata a ranar.

Malama Lauya:
Ɗan'uwa, kada ka tare mutum sai ka ga ya ɗauka, ya ɓoye, ya nufi fita bai biya ba. Ka kira shi gefe da shaida ɗaya, ka miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Sashe na 287 na dokar hukunta laifuka ta Arewa (Penal Code) ya tanadi ɗauri har shekara biyar ga sata, amma duka ko kulle shi a sito laifi ne da zai dawo kanka.

Don Allah ban da ihun "ɓarawo" a kasuwa. In jama'a suka taru ba mai iya tsayar da su. A Uromi ta jihar Edo, cikin Maris 2025, zargi kawai ya sa aka hallaka matafiya 16.

In yaro ne ƙarami, a kira iyayensa da mai unguwa. Wani yunwa ce, wani ƙwaya ce, wani kuwa aiko shi aka yi. A tambaye shi wa yake sayar wa, domin mai sayen kayan sata shi ma doka ta hau kansa, kuma shi ke sa yaran dawowa.