Neman kalma: esin da ake turawa, da ɗakin da mota ke ja

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshe. Yau da buƙata na zo, kuma ta taso ne daga wani saƙon murya da na aika gida.

Ina zaune a Kolombus, jihar Ohayo a Amurka. Maƙwabcina dattijo ne da ya yi ritaya, yana da wani ɗaki na alminiyom a kan tayoyi, ƙirar kamfanin Airstream ta 1964, tsawonsa ƙafa 22. Ba shi da inji, mota ce ke jansa da ƙugiya. A ciki akwai gado da murhu da kabad da ɗan banɗaki. Ranar Asabar na taya shi saka abin sanyi a ciki, irin wanda Turawa ke kira "portable air conditioner". Da dare na ce bari in ba mahaifina labari. Na ce, "Baba, yau esi muka saka a cikin tirela." Ba a jima ba ya dawo mini da tambaya: "Tirela kuma? Ta siminti ko ta shanu?"

Baba yana da gaskiya. A kunnen Bahaushe tirela babbar mota ce mai dakon kaya daga Legas zuwa Kano. Don haka kalmomi uku nake nema: sunan wannan ɗaki, sunan wannan na'ura, da abin da za mu ce a madadin "vintage", wato tsohon abu da tsufansa ya ƙara masa daraja.

Kafin ku fara kawo suna, ku bari in nuna muku abin, don suna ba ya zama a jikin abin da ba a gani ba.

Jikin ɗakin falle biyu ne na alminiyom da aka haɗa da dubban ƙananan kusoshi, kamar jikin jirgin sama, da ɗan siririn abin tare zafi a tsakani wanda shekaru sittin suka riga suka lallasa. Da hantsi in ka ɗora tafin hannu a bangon ciki sai ka ji ɗumi kamar murfin tukunya. Ɗakunan zamani irin wannan a rufi ake ɗora musu esi, mai nauyin da sai mutum biyu sun kama. Dattijon ya ƙi. Ya ce ba zai ɗora wa tsohon rufi wannan nauyi ba, kuma ba zai ɓata wa ɗakin surarsa ba. Shi ya sa ya sayo mai tsayuwa a ƙasa: akwati ne da ya kai ƙugun mutum, da ƙananan tayoyi huɗu, da wani ƙaton tiyo a bayansa mai kaurin cinyar yaro.

Wannan tiyon shi ne ya cinye mana yini. Esi ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin ɗaki yake kwasa ya kai waje. Mai rabi biyu da muka sani a gida, rabinsa na waje ke fitar da zafin. Wannan kuwa dukkansa a cikin ɗaki yake, saboda haka dole zafin ya bi ta tiyo ya fita. Allon taga da aka haɗo esin da shi an yi shi ne don tagar gida mai zamewa, ita kuwa tagar wannan ɗaki murɗa ta ake yi ta buɗe waje. Sai da muka yanka falanki daidai bakin tagar, muka huda tsakiyarsa, muka liƙe gefe da soso. Da muka kunna, na kama tiyon na ji ya yi zafi, wato shi kansa yana mayar da wani zafin cikin ɗaki. Muka matsar da akwatin dab da taga don tiyon ya gajarce ya miƙe, muka naɗe shi da mayafin tare zafi. Ga kuma ruwan da yake tatsa daga iska, don lokacin zafi a nan akwai laima sosai. Shi ma muka yi masa ƙaramar hanya ta ƙasa. Sai bayan la'asar, da muka janye ɗakin zuwa inuwar bishiya muka saki rumfarsa, sannan cikinsa ya zaunu.

To, bisimilla.

Bayan na aika wannan buƙata, amsoshi sun yi ta shigowa. Amsa ta farko daga wani malamin Hausa ce a Zariya. Ya ce: "Ɗana, ai ba sai an wahala ba. Muna da wayar tafi-da-gidanka, muna da kotun tafi-da-gidanka. Ka ce esin tafi-da-gidanka, shi ke nan." Mutane da yawa sun goyi bayansa.

Malam, Allah ya ƙara basira, amma ina neman afuwa, a nan zan ja. Dalilina biyu ne. Na farko, wannan na'ura ba ta tafiya ko'ina sai inda tiyonta ya kai. Waya kana tafe kana magana. Wannan kuwa kamar akuya ce a turke: tana iya zagayawa, amma igiya na wuyanta. In muka kira ta tafi-da-gidanka, mutum zai saya ya kai tsakiyar ɗaki ya kunna ba tare da ya fitar da tiyo ba, gabanta na hura sanyi, bayanta na hura zafin da ya fi sanyin yawa, ɗakin ya ƙara ɗumi, ya ce an cuce shi. Suna ne ya yaudare shi.

Na biyu kuma, kuma shi ya fi tsaya mini a rai: kalmar tafi-da-gidanka ta ɗakin ce. Ku sake furta ta a hankali. Tafi da gidanka. Wane abu ne a duniya ya cancanci wannan suna fiye da gida mai gado da murhu da ake ɗaura wa mota a kama hanya? Mun ara wa waya, mun ara wa kotu, har muka daina jin "gida" a cikinta. Ga mai kayan ya zo. In muka ba esin wannan suna, da me za mu kira ɗakin? Sai mu wayi gari muna cewa esin tafi-da-gidanka a cikin tafi-da-gidanka.

Malam ya dawo ya ce ya karɓi na biyun, na farkon kuma zai ƙara tunani. Na gode, Malam.

A kan ɗakin an kawo wasu sunaye. Wani ƙanina a Kano ya ce ja-ni-talau. Ƙanina, hoton ya fito, amma ja-ni-talau motar wasan yara ce, kuma akwai raini a cikinta. Mutanen da na gani suna shafe shekaru suna goge waɗannan ɗakuna har su koma kamar madubi, ba wasa suka ɗauke su ba. Wata baiwar Allah ta ce amalanken kwana; amalanke na kaya ne. Wani kuma ya ce ayari, saboda a Ingila "caravan" suke kiran irin wannan ɗaki. Gaskiya ne, kuma asalin kalmar tasu ayarin fatake take nufi. Sai dai a Hausa ayari taro ne, ɗaki ɗaya ba ya zama ayari. Inda kalmar za ta yi mana aiki shi ne idan suka jeru. Wally Byam, wanda ya kafa Airstream, ya jagoranci irin wannan tafiya a 1959, ɗakuna 41 suka tashi daga Kef Tawun suka nufi Alƙahira, tafiyar ta kai ƙarshe a 1960. Wannan kam ayari ne, shi kuma madugu.

Daga nan wani ɗan uwa a Kumasi ya jefo abin da ban ma tambaya ba, kuma ya fi komai daɗi a wannan zaren. Ya ce: "Yaya, in akwai ayari da madugu, to filin da suke sauka su kwana su ja wuta da ruwa, ai zango ne." Wallahi haka ne. A nan Amurka irin waɗannan filaye suna ko'ina, kowane gurbi da sandar lantarkinsa da famfonsa. Ban taɓa samun kalmar da ta zauna musu kamar zango ba, kuma ba mamaki daga Gana ta fito, inda unguwannin Hausawa har yau da wannan suna ake kiransu.

Mu koma kan na'urar, don nan ne gardamar ta yi tsawo.

Wata Hajiya daga Damagaram ta ce su "kilim" suke cewa, daga Faransanci. Wani da ya yi karatu a Sudan ya ce "mukayyif", kuma alhazai da yawa sun san kalmar daga Makka. A ƙamus akwai iyakwandishan, gidajen rediyo kuma suna cewa na'urar sanyaya ɗaki. Duk ina girmama su. Na'urar sanyaya ɗaki ta dace da labarai, amma ban taɓa jin wanda ya ce wa yaro "je ka kashe na'urar sanyaya ɗaki" ba. A Najeriya esi muke cewa, kuma kalmar ta riga ta zauna kamar yadda fanka da firji suka zauna. Ban ga dalilin korarta ba. Mutanen Nijar su riƙe kilim ɗinsu. Abin da muke nema shi ne ɗan ƙarin da zai bambanta wannan iri da sauran.

Wani ya dage cewa sai mun fassara Turancin daidai, kalma da kalma. Ɗan uwa, su kansu Turawan ba "sanyi" suka faɗa a sunan ba. Lokacin da Willis Carrier, wanda ya ƙirƙiro esin zamani, ya ƙera tsarinsa a 1902, don wata maɗaba'a ce a Buruklin ta birnin New York da laima ke kumbura mata takarda, launuka su ƙi hawa kan juna. Sunan kuma wani injiniyan masaƙu ne, Stuart Cramer, ya fito da shi a 1906, yana nufin daidaita iska don zare ya yi kyau. Sun sa suna gwargwadon damuwarsu ta lokacin. Mu ma mu sa gwargwadon tamu.

Damuwarmu kuwa Hajiyar Damagaram ce ta fito da ita. Ta ce: "Ɗana, a kasuwa akwai wani akwati mai taya da ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara, shi ma ce mana ake yi kilim ne." Hajiya, Allah ya saka da alheri, nan ne gizo ke saƙa. Wannan ba esi ba ne. Fanka ce da ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen abu, ruwan ya tashi ya tafi da zafi, daidai yadda randa ke sanyaya ruwa. Ba ta da kwamfireso, ba ta da gas, ba ta da tiyon zafi, kuma ba ta cin wuta sosai. A bazarar Damagaram ko Sakkwato, da iska ta bushe ƙamas, tana aiki ƙwarai. Da damina ta sauka sai ta zama fanka mai ƙara laima. A ɗakin maƙwabcina da ba ta yi komai ba sai jiƙa katakon da ya shekara sittin. Su biyun daga nesa kamarsu ɗaya: akwati, tayoyi, iska ta gaba. In muka ce "esi mai taya" kamar yadda wasu suka ba da shawara, ko "esin turawa", mun zuba su a kwando guda, kuma mai sayarwa marar tsoron Allah zai ji daɗin haka.

Abin da ya raba su tiyo ne. Don haka shawarata: esi mai tiyo. A Nijar, kilim mai tiyo. Ɗayan kuma fanka mai ruwa. Duk wanda ya ji sunan ya san abin da zai leƙa ya duba a bayan akwatin kafin ya biya kuɗi, ya kuma san cewa sai ya tanadi taga.

Har ma sunan yana buɗe ƙofar wani bambancin. Akwai mai tiyo ɗaya, akwai mai tiyo biyu. Mai ɗaya iskar ɗakin da ya riga ya sanyaya yake ɗiba ya huce injinsa ya watsar waje, sai iska mai zafi ta riƙa kutsowa ta kowace kafa don cike gurbin. Na sa hannu a ƙasan ƙofar ɗakin dattijon na ji tana shigowa. Mai biyu kuwa daga waje yake jawo iskar hucewar ya mayar da ita waje. A ƙaramin ɗaki mai kafofi da yawa irin wannan, bambancin ba kaɗan ba ne. Ku ga yadda Hausa ta faɗe shi ba wahala: mai tiyo ɗaya, mai tiyo biyu.

Wani ya ce me ya sa ba mesa ba. Mesa ma daidai ce, wasu garuruwan ita suka fi sani. Na zaɓi tiyo ne don ana jinsa a ɓangarorin iyaka biyu, kuma ba ya kawo wa mutum hoton maciji a ɗakin kwana.

Saura "vintage". Nan ba a daɗe ba. Gwanjo da ɗan Kwatano suna nufin abin da wani ya yi amfani da shi, ana saye don araha. Tsohon yayi kuma akwai ƙyama a ciki. Wani dattijo daga Katsina ya rubuto kalma biyu kawai: "na dauri." Baba, ka gama magana. Mutanen dauri, ƙirar dauri, akwai tsufa a ciki kuma akwai girma.

Malamin Zariya ya sake leƙowa da safiyar nan. Ya ce har yanzu kunnensa ya fi son mesa, amma ya yarda a sa bututun a cikin sunan, kuma zai gwada kalmomin a aji ya ji yadda za su zauna a bakin ɗalibai.

Ni kuma na sake aika wa Baba saƙo. Na ce, "Baba, maƙwabcina yana da tafi-da-gidanka na dauri, ɗaki ne da mota ke ja, mun saka masa esi mai tiyo, jibi zai kai shi zango a bakin tafki." Amsarsa ta zo bayan sallar isha'i: "To, madalla. Tiyon ta taga kuka fitar da shi?"