Me ya hana Senna samun ko maki ɗaya a Williams a 1994?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum jama'a. Masana tseren motoci na Formula 1, ku raba mana wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu. Ayrton Senna ɗan Birazil ya ci kambun duniya sau uku da kamfanin McLaren, a 1988, 1990 da 1991. Ya koma kamfanin Williams a 1994, wanda motarsa babu kamarta a shekaru biyun da suka gabata, amma tsere uku ya shiga bai gama ko ɗaya ba, a na ukun ma ya rasu. Wasu sun ce tauraruwarsa ce ta fara dusashewa, wasu sun ce laifin mota ne. Wanne ne gaskiya? Kuma da gaske sitiyari ne ya karye masa a Imola, filin tseren Italiya inda ya yi hatsarin?

Injiniya T/Wada:
Wa alaikumus salam Malam. Maganar dusashewa a ajiye ta gefe. A 1993, bayan Honda ta janye, McLaren ta koma amfani da injin Ford mai silinda 8 wanda bai kai Renault mai silinda 10 na Williams ƙarfi ba, duk da haka Senna ya ci tsere biyar. A tseren Donington a Ingila, cikin ruwan sama, ya koma na biyar bayan tashi, kafin zagayen farko ya ƙare shi ne a gaba. A 1994 ɗin ma, duk tsere ukun shi ya fi kowa gudu a gwajin neman layi, shi ya tashi a sahun farko. Shekararsa 34 kacal.

Abin da ya faru, motar da ya yi sha'awa daban, wadda ya tarar daban. Williams ta 1992 da 1993 tana da shokazoba mai kwamfuta. A kowace taya akwai famfon mai da ke ɗaga motar ko sauke ta, kwamfuta na lissafi ba tsayawa, ta yadda tazarar ƙarƙashin mota da kwalta ba ta canjawa, ko an taka birki, ko an sha kwana, ko tanki ya cika ko ya kusa ƙarewa. Wannan tazarar ita ce komai, domin iskar da ke bi ta ƙarƙashin mota ita ke zuƙo ta ta manne da titi. Da wannan direbobin Williams suka yi fice: Mansell ya ci tsere tara a 1992, Prost ya ci bakwai a 1993.

Sai hukumar FIA mai kula da tseren ta haramta wannan na'ura daga 1994, tare da na'urar hana tayar baya juyawa a banza da birkin ABS. Aka koma sifirin da shokazoba na gargajiya, alhali jikin sabuwar motar, FW16, an tsara shi ne kamar tazarar nan ba za ta motsa ba. Da an taka birki hanci ya duƙa, iskar ƙasa ta katse, riƙon titi ya ɓace nan take, sannan ya dawo ba sallama. Direba ba ya sanin abin da motar za ta yi a tsakiyar kwana. A tseren farko, a Interlagos ta Birazil, yana bin Schumacher na kamfanin Benetton ne bayanta ya kufce masa a zagaye na 56 cikin 71, injin ya mutu. Laifin na biyu, a Aida ta Japan, kuwa ba a ɗora wa kowa sai Häkkinen na McLaren, wanda ya buge shi ta baya a kwanar farko.

Shaidar cewa gyara motar ke buƙata: a tsakiyar shekara aka rage tsawon akwatunan gefenta, ta zama FW16B, kuma Williams ta ci kambun kamfanoni, direbanta Damon Hill ya rasa na direbobi da maki ɗaya, Schumacher 92, shi 91.

Bakaniken Panteka:
Injiniya ya gama da sama, bari in shiga ƙarfen. Senna ya koka cewa wurin zaman ya matse shi, hannunsa na gogar jikin mota in yana murza sitiyari. Don a gyara masa zaman sitiyarin, aka yanke sandarsa, bututu mai kaurin milimita 22, aka sa guntu mai milimita 18 a tsakani, aka yi walda sama da ƙasa.

Duk mai walda ya san aibin wannan. Inda kauri ya sauya farat ɗaya, nan duk ƙarfin murɗawa yake taruwa. Ga zafin walda ya riga ya canja halin ƙarfen da ke gefen ɗinkin. Ba rana ɗaya yake karyewa ba. Tsaga ce siririya kamar gashi take farawa, kowace girgiza ta ƙara mata kaɗan, har ƙarfen da ya rage ya kasa ɗaukar nauyi ya ɓalle. In ka duba bakin karaya irin wannan za ka ga fuska biyu: wani ɓangare sumul da layuka kamar na bakin rafi, tsohuwar tsaga ke nan, wani ɓangare kuma garje-garje mai haske, wanda ya tsage a lokaci guda. Masu binciken Italiya sun samu alamar irin wannan gajiyar ƙarfe a sandar.

A nan zan ja kunnen masu mayar da sitiyarin dama zuwa hagu a garin nan. In dole sai an haɗa sanda, kar a yi ɗinki baki da baki tsakanin ƙarafa masu kauri daban. A sa hannun riga na bututu ya rufe mahaɗar, ya wuce ta ta kowane gefe, a fere gaɓar ta sauka a hankali, kar a tsoma ta a ruwa tana da zafi. Mafi alheri ma a nemo sandar asali ta hagu a ɗaura.

Malam U/Rimi:
Oga Bakanike, ba a musun cewa an samu sandar a karye. Abin da aka yi shekaru ana ja a kai shi ne: kafin a bugi bango ta karye, ko bugun ne ya karya ta?

Ga yadda ranar hatsarin, 1 ga Mayu, ta kasance a Imola. A wurin tashi motar wani direba, Lehto, ta mutu, wani kuma, Lamy, ya afka mata ta baya, tarkace ya cika titi. Aka fito da motar jagora, Opel Vectra, irin wadda ake hawa a gari, ta ja su zagaye biyar a gudun da ya yi wa motar tsere kaɗan ƙwarai. Taya in ta huce iskar cikinta na raguwa, mota ta ƙara sauka ƙasa. An saki tsere a zagaye na 6, kuma hoton bidiyo ya nuna tartsatsi na tashi daga ƙarƙashin motar Senna a kwanar Tamburello, wato tana dukan kwalta. A zagaye na 7 ya shiga kwanar da gudun sama da kilomita 300 a awa, motar ta miƙe, ya taka birki ya rage zuwa kimanin 210 kafin ya bugi bangon siminti. Masu ra'ayin cewa bugun ne ya karya sandar na cewa ƙarƙashin motar ne ya zauna a kan tudun kwalta, tayoyi suka rasa riƙo. Adrian Newey, wanda ya tsara motar, ya fi karkata ga cewa tayar baya ta dama ce ta taka tarkace tana sacewa a hankali.

Kotu kuwa ta bi ta hanyar Bakanike. An wanke waɗanda ake tuhuma, ciki har da jami'an Williams, a 1997, shari'a ta yi ta hawa, har a 2007 kotun ƙoli ta Italiya ta tsaya a kan cewa karyewar sandar da aka yi wa gyara mara kyau ce sanadi, sai dai wa'adin hukunci ya riga ya wuce. A ganina hujjar kotun ta fi nauyi, domin a lokacin Tamburello ba kwanar da gwani ke kuskure ba ce, totur a ƙasa ake shan ta.

Gudun bugun ma ba shi ne ya kashe shi ba. Berger, direban Ferrari, ya bugi bangon nan a 1989, motarsa ta kama wuta, ya rayu. Tayar gaba ta dama ce ta ɓalle da ƙarfen da ke riƙe ta, ta dawo ta same shi a hular kwano.

Ɗan Kawo:
Allah ya saka da alheri, an ƙaru. To me aka canja bayan nan don kar taya ta sake samun kan direba?

Injiniya T/Wada:
A hankali aka bi. Tun a 1994 aka ƙayyade gudu a layin gareji, aka kuma liƙa katako mai kaurin milimita 10 a ƙarƙashin kowace mota don a tilasta ɗaga ta. In ya cinye fiye da milimita 1 an soke sakamakonka, abin da ya sami Schumacher a Beljiyam a shekarar. A 1995 aka mayar da Tamburello kwana mai lanƙwasa hagu da dama. A 1996 aka ɗaga gefen wurin zama ya kare kai. Amsar tambayarka kai tsaye ta zo a 1999, da aka wajabta ɗaure kowace taya da igiya mai ƙarfi a jikin mota. Abin riƙe wuya na HANS ya biyo a 2003, sai baka na ƙarfen titaniyam da ke kewaye kan direba a 2018.