Wani ya ce shi takwaran mahaifinmu ne daga Lere, mu yarda?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni 'yar'uwarku ce daga Garwa, unguwar Yelwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, abin ne ya cushe mini.

Mahaifinmu ya rasu bayan Babbar Sallar bara. Mu uku ya bari, duk mata, ni ce babba, sai mahaifiyarmu. Baduku ne, ya fi shekara 50 a kasuwar Garwa yana ɗinkin takalma da kube, kowa Malam Umaru Baduku ya san shi. Ya bar gida da rumfa da 'yan kuɗi. Baba ba mai yawan magana ba ne. In ka tambaye shi asalinsa sai ya ce, "Ni mutumin Lere ne," ya ci gaba da jan zarensa. Iyakar abin da muka sani, yana da ƙane Idi, kuma rabonsu da juna tun ba a haife mu ba.

Da aka zo rabon gado, malamin da ya zauna ya ce tunda babu ɗa namiji, sai an nemi danginsa na wajen uba. Mu kuwa Lere ɗaya muka sani, ta Cadi, wadda ake bi ta Figil. Maigidana da kawunmu suka ɗauki hoton Baba suka tafi. Kwana 4 suna bin Hausawan kasuwa da limamai, ba wanda ya gane fuskar. Umaru har 3 aka nuna musu, Idi kuwa sai da suka daina ƙirgawa. Busasshen kifin tafki kawai suka dawo da shi, da ciwon baya.

Sai ƙanwata ta sa hoton a Facebook ta rubuta labarin duka. Bayan mako 2 wani ya rubuto daga Najeriya, ya ce shi ɗan Idi ne daga Lere ta jihar Kaduna, sunansa Umaru, wai sunan wan mahaifinsa da ya ɓace aka maya masa. Ya ce Idi ya rasu. Har kuka ya yi a waya. Yanzu yana so mu tura jaka 60 kuɗin mota ya zo gaisuwa. Ina tsoron mu kori jininmu, ina kuma tsoron mu miƙa gumin Baba ga wanda bai san shi ba. Yaya za mu yi?

Direban Ngaundere:
Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, ai tun farko da direba kuka tambaya da maigidanki bai sha hanyar Figil a banza ba. Ni kaɗai Lere 4 na sani: ta Cadi garin Mundang mai tafkin ayu, ta Kaduna, wata a jihar Bauci wajen Tafawa Ɓalewa, wata kuma can Mali a yankin Tumbutu, kusa da iyakar Muritaniya. Ke kanki da kika ce Yelwa, wace? Akwai ta Yawuri, akwai ta Shandam, akwai ta cikin Bauci. Jambutu akwai a Garwa akwai a Jimeta. Ni an taɓa ba ni buhun barkono an rubuta Garwa, na kai Garwa, ashe Garwa-Bulai ake nufi, can bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, fiye da kilomita 500 tsakaninsu. Daga aljihuna na biya kuɗin mayar da shi. Tun daga ranar ba na karɓar sunan gari shi kaɗai, sai an faɗa mini garin da ke kusa da shi.

Ɗan Njamena:
Yaya, toshe lambarsa ki huta. Me ya faɗa muku wanda ƙanwarki ba ta rubuta da hannunta ba? Sunan Baba ta rubuta, Idi ta rubuta, Lere ta rubuta. Ko ni da nake nan Njamena zan iya zama ɗan Idi kafin la'asar. Kuka a waya kuma kyauta ne.

Goggo daga Marwa:
Kai yaro, ba a toshe zumunci da yatsa ɗaya. Amma ɗiyata, ya faɗi gaskiya a abu guda: kun zubar da tsabar a gaban kaza, yanzu ba ku san ko ta ci daga rumbunta ba. To sai ku nemo tsabar da ba ku zubar ba.

Ki zaunar da mahaifiyarki, ba da rana ba, da dare bayan isha'i in gida ya yi tsit. Mace ba ta zama da miji shekara 40 ba ta ji sunan uwar mijinta ba, ko da a bakin addu'arsa ne. Ki tambaye ta wane suna yake alkunya ba ya faɗa. A cikinku wa yake kira Uwata ko Iya, wa yake kira Yaya? Wadda ake kira haka sunan wata aka maya mata. Yana da zane a fuska, guda nawa, a wane gefe? Yana da tabo tun na yarinta? Wace miya yake cewa ba a iya ta nan ba? Sannan dukanci gado ne, ba kasafai mutum ke tsintar wuƙar baduku a titi ba. In gidan wannan Umarun ba a taɓa jin warin jima a cikinsa ba, ki sa alamar tambaya. Duk abin da kika samo kada ki rubuta a nan, kada ki faɗa masa. Ke za ki tambaya, shi ya amsa.

Malamin Hausare:
Allah ya gafarta masa. 'Yar'uwa, damuwarki tsohuwa ce, malaman hadisi sun sha ta tun kafin mu. Har fanni guda suka ware wa maruwaita masu suna ɗaya, Khaɗibul Bagdadi, wanda ya rasu shekara ta 463 bayan hijira, ya yi littafi a kai mai suna Al-Muttafiƙ wal-Muftariƙ. Masu suna Khalil bin Ahmad kaɗai mutum 6 suka lissafa. In aka ce "Sufyanu ya ce," sai a tsaya: As-Sauri ne ko Ibnu Uyaina? Kuma ba daga sunan suke rarrabewa ba, sai su duba wa ya koyar da shi, wa ya ɗauka daga gare shi, a wane gari, a wane zamani. Abin da Goggo ta faɗa da harshen tsakar gida shi ne wannan.

Ga lissafin kuwa, don ki san nauyin abin. Ku 'ya'ya mata uku kuna da sulusi biyu, mahaifiyarku tana da sumuni. In aka kasa dukiyar kashi 24, ku 16, ita 3, saura 5. Wannan 5 ɗin na asaba ne, wato dangin wajen uba masu ɗaukar abin da ya rage, kuma ɗan ɗan'uwa yana cikinsu, da sharuɗɗa. Sai Idi ya zama shaƙiƙin Baba ko ɗan ubansa. In uwa kawai suka haɗa, ɗansa ba ya gado. Sai a san yaushe Idi ya rasu, domin in ya rayu bayan Baba ko da kwana ɗaya, kason ya zama nasa, ya faɗa hannun dukan magadansa. In kuma akwai wasu 'ya'yan 'yan'uwa maza masu daraja ɗaya, tare za su raba. Saboda haka ko da mutumin nan gaskiya ya faɗa, ba a tura gado ta waya. Shaidu adilai ake nema, a gaban alƙali. Naku 19 ɗin ba mai taɓa shi, kason 5 ne za a ajiye.

Ɗan Njamena:
Allah gafarta Malam, kashi 5 cikin 24 na gida a Garwa? To ai jaka 60 ɗin ma ɗanɗano ne.

Baba Alhaji daga Kuseri:
Ni zan ɗan ja wa mutumin nan hanzari, ko da ban san shi ba. Mutanenmu in sun yi ƙaura da suna suke tafiya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya wuce gabas da jama'arsa, suka zauna a Sudan bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Laƙabinsa Mai Wurno, daga Wurno ta Sakkwato, kuma har yau sunan garin nan Maiwurno. Adamawa ma biyu ce, ta Yola da ta Ngaundere, duk sunan Modibbo Adama guda ne. Sabon Gari da Tudun Wada da Zango kuwa, duk inda Bahaushe ya sauke kaya sai ka same su. Haka muke yi da mutane: wanda ya tafi bai dawo ba, ɗan fari da aka haifa bayansa shi ake ba sunansa. Ni sunan wani baffana nake ɗauke da shi wanda ya tafi Makka a ƙasa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Don haka labarin Umarun nan ba baƙo ba ne a kunnena.

Tambaya ɗaya, ɗiyata. In tsoho ya tuna kuɗin da, da me yake lissafi? Mutumin Cadi ko na nan dala zai ce miki. Mutumin Najeriya sule da fam, domin sai 1973 naira ta fito.

Mai tambaya:
Baba Alhaji, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. In muka roƙi kuɗin makaranta cewa yake, "A zamaninmu sule biyu ya ishi mutum mako." Ban taɓa kawo komai a raina ba. Na kuma zauna da Mama jiya kamar yadda Goggo ta ce. Ta tuna ya taɓa gaya mata yana saurayi ya yi aikin kuza a Jos, daga nan ya gangaro Yola, ya shigo Garwa ta jirgin ruwa a Binuwai. Sunan kaka ma ta tuna, na riƙe shi a cikina.

Direban Ngaundere:
To Cadi da Mali sun fita. Amma kada ki yi saurin murna, Lere ta Kaduna da ta Bauci duk maƙwabtan Jos ne, kowacce tana iya aika saurayi haƙar kuza. Saura biyu.

Wata 'yar Saminaka da ke aure a Gidar:
Yaya, ni can aka haife ni. Saminaka ce hedikwatar ƙaramar hukumar Lere, garin Lere kansa yana nan da sarkinsa da fadarsa. Shawarata, kuɗin motar nan ku kashe shi a kan naku mutum. Maigidanki ya je, kada ya sauka gidan Umarun, ya fara da fada, a haɗa shi da mai unguwar dukawa, ya nuna hoto ga tsofaffi tun kafin kowa ya san me ya kawo shi. Kada ya ambaci gado, ya ce zumunci ya zo nema. Hanya: Yola, Numan, Gombe, Bauci, Jos, sai Saminaka. Tunda ta Bauci zai bi, in can ba ta yi ba, ɗayar Leren ba ta yi masa nisa ba a dawowa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira shi ɗazu, na ce ba za mu turo kuɗi ba, mu za mu zo. Bai yi fushi ba, ya ce bismillah. Na tambaye shi sunan kakarsa ta wajen uba. Ya yi shiru, ya ce shi Iya kawai ya taso ya ji ana cewa, amma zai tambayi gwaggonsa, ƙanwar babansa, tana nan da rai ta tsufa ƙwarai. Mu ba mu taɓa jin Baba yana da ƙanwa ba. Mama ta ce a cikinmu autarmu yake kira Ƙanwata, ba ya faɗin sunanta, ita kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Malamin Hausare:
To lissafi ya motsa. In tsohuwar nan ta tabbata shaƙiƙiyar Baba ce ko 'yar ubansa, kuma Idi ya riga Baba rasuwa, ita ce asaba tare da ku, kason 5 ɗin nata ne, Umaru ba shi da ko dala. Maigidanki ya tafi da hoton da kuma sunan yankan autarku, ya bar tsohuwar ta fara faɗin nata. Kada ya jira bayan damina, kin ce ta tsufa.