Shin buga karta zunubi ne ga Kirista?

Ɗan Mawaƙa, Zonkwa:

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Washegarin Kirsimetin da ya wuce, bayan mun ci abincin rana, ni da ƙannena huɗu muka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron gidanmu muna buga kartar Whot. Ba mu sa ko kwabo ba, iyakar sharaɗin da muka yi shi ne wanda ya zo na ƙarshe zai wanke kwanuka. Muna cikin haka kawuna, wanda dattijo ne a ikilisiyarmu, ya shigo, ya tattara katunan daga hannunmu, ya zuba su a murhu, ya ce abin kunya ne a ga mai raira waƙa a majami'a yana riƙe da kayan 'yan caca. Na yi shiru saboda girmansa, amma daga baya na bincika Littafi Mai Tsarki ban ga inda aka ambaci karta ba. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su faɗa mini ko zunubi na yi, ko kuwa al'adar ikilisiya ce kawai na taka.

Tsohon Malami, Kwoi:

Ɗana, na yaba maka da ka kame bakinka a gaban kawunka, kuma ina so ka fahimci inda fushinsa ya samo asali kafin ka ce ya yi tsanani. A zamanin da muka taso, ba mu san wata karta da ake bugawa a tsakar gida ba. Inda ake buga ta shi ne bayan kasuwa, gefen masu burkutu, kuma duk wanda aka ce yana karta to an gama cewa ɗan caca ne, domin a kunnen mutanenmu kalmomin nan biyu tagwaye ne.

Yayana, Allah ya ba shi hutawa, manomin citta ne da ya iya gona ƙwarai. Wata shekara ya kai buhunansa kasuwa ya sayar, muka zauna muna jiransa har aka kunna fitila bai dawo ba. Da asuba ya shigo gida a ƙafa, babu kuɗin, babu keken da ya fita da shi, ya zauna a bakin rumbu ya kasa ɗaga kai ya dubi matarsa. Shekarar nan 'ya'yansa biyu ba su koma makaranta ba. Shi ma da wasa ya fara, da gyaɗa suke bugawa kafin abin ya kai ga kuɗi. Ba zan yi maka ƙarya in ce akwai ayar da ta kira sunan karta ba, amma 1 Timoti 6:10 ta nuna mana abin da son kuɗi ke haifarwa, Fitowa 20:17 kuma ta hana mu ƙyashin abin maƙwabci, caca kuwa ba ta tsayuwa sai da fatan abin ɗan'uwanka ya dawo aljihunka ba tare da gumi ba. Ni dai a gidana ba a buga ta, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗalibin Tauhidi, Jos:

Baba, na gode da wannan shaida, kuma ba na jayayya da ko kalma ɗaya a cikin abin da kuka faɗa game da caca. Sai dai ina neman izini in raba abu biyu da aka haɗa, domin tambayar ɗan'uwanmu a kan karta ce wadda babu kuɗi a cikinta.

Dalilin da ya sa Littafi Mai Tsarki bai ambaci karta ba shi ne babu ita a lokacin da aka rubuta shi. A ƙasar Sin ta fara, ta biyo ta Masar, ba ta shiga Turai ba sai wajen shekarun 1370. Ƙyamar da ikilisiyoyinmu suke yi mata gado ce daga masu bishara na Ingila da Amurka da Kanada, irin su 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) da suka fara sauka Legas a 1893, waɗanda suka fito daga ikilisiyoyin da ke ganin karta da giya da rawa a matsayin alamun son duniya. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, a Amurka a 1906 kamfanin Parker Brothers ya fito da wata karta mai suna Rook, mai lambobi da launuka kawai, babu hoton sarki ko sarauniya, sai iyalan Kirista da yawa da ba sa taɓa karta ta gargajiya suka karɓe ta hannu bibbiyu. Takarda ce a can, takarda ce a nan, abin da ya bambanta su kawai shi ne sunan da kowacce ta yi a gari.

Saboda haka ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne wanda Manzo Bulus ya kafa a 1 Korintiyawa 6:12 da 10:23, inda ya nuna cewa abu yana iya halatta amma ya kasa amfanar mutum, kuma bai kamata mai bi ya bar wani abu ya mallake shi ba. Idan karta ta cinye lokacin addu'arka, ko ta sa ka zagi ƙanenka saboda ya tura ka kasuwa ɗibar kati, ko ta zaunar da kai cikin mutanen da za su ja ka zuwa sa kuɗi, to ta zama maka zunubi, kamar yadda dara ko ludo ko kallon ƙwallo za su iya zama. Katunan duba, waɗanda wasu ke buɗewa don neman sanin gobe, maganarsu dabam ce, Maimaitawar Shari'a 18:10 zuwa 12 ta riga ta rufe wannan ƙofa.

Amma ɗan'uwa, kada ka ɗauki wannan bayani ka je ka tsaya wa kawunka da shi. Romawa sura 14 tana magana ne daidai a kan irin halin da kake ciki, wato abin da lamirin wani ya yarda da shi amma na wani bai yarda ba, kuma nauyin da ta ɗora ya fi faɗawa a kan wanda yake ganin yana da 'yanci, cewa kada 'yancinsa ya zama abin tuntuɓe ga ɗan'uwansa. Ta kuma gargaɗi wanda ya ƙaurace kada ya yanke wa ɗayan hukunci, sai dai wannan ɓangaren fasto ne ya kamata ya tuna wa dattijo, ba kai ba.

Maman Tagwaye, Gusau:

Ni 'yar Katolika ce, kuma a wurinmu maganar a rubuce take. Littafin koyarwar ikilisiya na 1992, sakin layi na 2413, ya bayyana cewa wasannin sa'a irin su karta ba su saɓa wa adalci a kan kansu ba, amma suna zama abin ƙi idan suka hana mutum abin da zai biya bukatarsa da ta waɗanda ke wuyansa, ya kuma yi gargaɗi cewa jarabar caca tana iya mai da mutum bawa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na uwa shi ne muna ƙona katin takarda a murhu alhali cacar gaske tana cikin wayoyin 'ya'yanmu. Ɗan ƙanwata bai taɓa riƙe karta ba, kowa yana yabon natsuwarsa, ashe kuɗin rajistar jarrabawarsa ya zuba a cacar ƙwallo ta intanet, ba mu sani ba sai da aka rufe rajista. Da za a tambaye ni, na fi so in ga yara biyar a kan tabarma a gaban idona suna dariya, da a ce kowa ya shige ɗaki da wayarsa. Duk da haka, ɗana, sharaɗin wanke kwanukan nan ku daina shi, domin ƙaramin yaro ba ya rarrabe tsakanin sa kwano da sa naira.

Ɗan Mawaƙa, Zonkwa:

Na gode, Baba, na gode, Mama, da kai ɗan'uwana na Jos. Jiya da yamma na je gidan kawu na durƙusa na ba shi haƙuri, shi kuma ya ba ni labarin wani abokinsa da ya rasa gonar gado a irin wannan hanya, labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na yi masa alkawari ba za a sake buga karta a gidanmu ba. Ya kuma amince mu roƙi fasto ya keɓe wata Lahadi da yamma a zumuntar matasa a tattauna batun cacar waya, kuma ya ce shi da kansa zai zo ya zauna.