Don Allah a taimaka, kular kunun ayata ta ɗauki wari

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Tudun Wada nake, shekara 3 kenan ina sayar da kunun aya da zoɓo, tun da maigida ya bar aiki. Kwanaki ƙanwarsa ta ba ni babbar kula mai famfo, wai sau ɗaya ta yi amfani da ita ranar suna. Ban ma so karɓa ba don na san halinta da gori, amma dai. Jiya na haɗa kunu, aya daga Kasuwar Barci, dabino, kwakwa, komai sabo. Kafin la'asar ya yi tsami, yana wari kamar nonon da ya kwana. Zoɓon yau ma ya ɗauka. Da me zan wanke ta?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, famfon ne, ba wani abu ba. Kwance shi ki ciro 'yar robar da ke ciki, za ki tarar da datti mai yauƙi. Wanki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Ki fara da sabulu marar ƙamshi da ruwan ɗumi, ki goge cikin famfon da buroshi. Sannan Hypo babban cokali 1 a ruwa lita 4, ki jiƙa minti 5, ki buɗe famfon ruwan ya bi ta ciki. Ki ɗauraye da ruwan da aka tafasa, ki kife ta bushe. Kada ki kuskura ki haɗa Hypo da lemon tsami, iskar da ke tashi guba ce.

Ummu Sadik: Hypo a mazubin abin sha? Ni dai a'a, Hajiya. Toka da ruwan zafi, a shanya a rana. Haka muka taso muka gani.

Anti Larai: Ku bar ɗora wa kula laifi. Kunun aya ba ya yini babu sanyi. Mu nan Rigasa kwana biyu ba mu ga wuta ba, mai ƙanƙara kuma kullum ƙarin kuɗi. Makon jiya gora 30 na zubar, maigida ko sannu.

Maman Ilham: Hajiya, ni fa ba ƙazama ba ce. Kullum sai na dirje ta da soson ƙarfe har ta yi ƙal.

Hajiya Babba: To kin ji matsalar ta biyu. Soson ƙarfe karce roba yake yi, a cikin karcen ƙwayoyin ke ɓuya. In ta karce sosai, haƙura za ki yi da ita.

Anti Larai: Wai kin sa ƙanƙara jiyan kuwa?

Maman Ilham: Da soson ƙarfen nake wanke bokitina shekara 3 ban ga komai ba. Kuma famfon nan ina tsoron in kwance ya ƙi ɗauruwa, ƙanwar maigida ta ce na lalata mata kaya. Jibi ina da odar walima a Kawo, gora 50.

Ummu Sadik: Nawa kika sayi mudun ayar a Kasuwar Barcin?